Baba ya ruɗe cikin ƴan kwanaki: ku kai shi likita yau

Wanga saƙo ya zo daga wata baiwar Allah da ke unguwar Bagalam nan Maradi, na ɗan taƙaita shi:

"Anti dan Allah ki ban shawara. Mahaifin maigidana shekarunshi sun kusa 80, gidanmu yake zaune tun da Inna ta rasu. Har satin da ya wuce garau yake, da ƙafarshi yake zuwa masallaci, shi ke lissahin kuɗin hatsinshi da kanshi, sai dai yana da ciwon suga da tansiyo. Sai ya ɗan yi masassara anka sayo mishi magani wurin mai tebur. Daga nan in dare ya yi sai ya hau surutai, yana ganin mutane bisa katanga, yana kiran Inna, yana cewa a buɗe mishi ƙofa zai tahi gona. Da safe ya gaisa da kowa lahiya lau, la'asar na yi kuma ya koma. Shekaranjiya gaban mutane ya ce wai ni na sa mishi wani abu cikin hura. Yana yawan kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, gwaggon maigidana ta ce ita ta kama kurwarshi. Yayan maigidana ya ce aljanu ne a kira malam, ƙanensu ya ce tsufa ne a ƙyale shi. Jiya an ba shi maganin barci, yau tun safe barci yake ko kunu bai sha ba, su suna cewa sauƙi ne ya samu. Ni hankalina bai kwanta ba, kuma ina tsoron in yi magana a ce don ni ya ambata ne."

Ɗiyata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lahiya. In kina karanta wagga amsa Baba na nan gida kwance, to ki aje wayar ki ja maigidanki gefe ki ce mishi a taro adaidaita a kai shi likita yau ɗin nan, sauran karatun kya ƙarasa shi can bisa benci kuna jiran lokotoro. Hankalinki da bai kwanta ba shi ke da gaskiya. Barcin nan da suke kira sauƙi shi ya fi tada min hankali cikin duk abin da kinka rubuta, tsoho mai ciwon suga da ya wuni bai ci ba bai sha ba kuma ana tada shi da ƙyar, wannan ba mai jiran gobe ba ne.

Abin da kinka kwatanta yana da suna wurin likitoci, deliriyom suke ce mishi, ruɗewar da ke faɗo ma mutum farat ɗaya saboda wani ciwo da ke cikin jikinshi ko wani magani da ya sha. Kin san dai yadda masassara mai zahi ke sa ƙaramin yaro jijjiga, ba wanda ke cewa yaron ya haukace, kowa ya san zahin jiki ne ya hau mishi kai. To shi tsoho ruɗewa yake yi. Ƙwaƙwalwar da ta shekara 80 tana aiki ba ta da juriya irin ta da, ciwo kaɗan a huhu ko a mara ko ƙarancin ruwa a jiki sai ya rikita ta, kuma sau da yawa ruɗewar ce alama ta farko, wani lokaci ma ita kaɗai ce alamar, don tsoho na iya samun ciwon huhu mai tsanani jikinshi bai yi zahi sosai ba.

Ga amsar ƙanen maigidanki mai cewa tsufa ne. Ruɗin tsufa gaskiya ne akwai shi, amma a hankali yake zuwa, wata da watanni har shekaru, bara ya fara manta inda ya aje carbi, bana yana maimaita tambaya ɗaya, baɗi ya kasa gane jikoki. Mutumin da satin da ya wuce yake lissahin buhunan hatsi da kanshi, wanga sati yana neman ƙofar gona tsakar dare, wannan saurin ba na tsufa ba ne. Wata likita a Amurka, Sharon Inouye, ta hitar da hanyar gane wagga ruɗewa a 1990, har yau ana aiki da ita a asibitoci da yawa, kuma abu huɗu take dubawa. Na farko ya zo kwatsam cikin awoyi ko kwanaki kuma yana hawa yana sauka, na biyu mutum ya kasa tsaida hankalinshi wuri guda, sai kuma ko dai maganarshi ta warwatse ba kai ba gindi, ko kuma farkawarshi ta canza, ya cika barci ko ya cika zabura. Duba wasiƙarki ki gani, kusan duka kin lissafa su ba tare da kin sani ba. Wannan na safe garau la'asar ya rikice da ke sa mutane cewa ai iska ce ke hawa tana sauka, ko ma a ce da gangan yake yi, shi ne ainihin halin ciwon.

In kuna son gwadawa da kanku, abu mai sauƙi ne. In ya farka maigidanki ya zauna gabanshi ya ce Baba ƙirga min ranakun sati ta baya, daga Juma'a, Alhamis, Laraba, haka har ƙarshe. Wanda hankalinshi ke tare da shi zai yi ko da sannu-sannu ne, wanda ya ruɗe zai tsaya a ta biyu ko ta uku ya kama wani zance, ko ya yi ta kallon bango, ko barci ya ɗauke shi ana cikin magana. Amma wannan don ku gamsar da masu gardama ne kawai, kar a ce sai ya faɗi gwajin za a kai shi.

Ciwon nan kala biyu yake zuwa, kuma mutum ɗaya na iya yin duka biyun. Akwai mai hayaniya, shi ne wanda kunka gani kwanakin farko, ihu, gane-gane, zargi, neman hita, wannan kowa na ganinshi don yana hana gida barci. Akwai kuma mai shiru, mutum ya kwanta lamo, ba ci ba sha ba magana, in an kira shi ya buɗe ido ya maida, kuma wannan shi ake yawan wucewa ba a gane ba har cikin asibiti, don ba ya damun kowa, alhali shi ya fi haɗari, mutum na bushewa a kwance, abinci na iya sarƙe shi ya tahi huhu, baya ya fara gyambo. Baba ya tashi daga na farko ya faɗa na biyu bayan an ba shi ƙwayar barci. Wannan ba sauƙi ba ne ɗiyata, ciwon na nan, baki kawai anka rufe mishi.

To me ya kawo shi? Daga nan inda nake ba zan ce miki ga shi ba, aikin awo ne, amma ga abubuwan da za a nema, kuma yawanci ba ɗaya ba ne, biyu ko uku ne ke haɗuwa. Tun da masassara ya fara, dole a yi gwajin palu, wato masassarar cizon sauro, wanda ake ɗan huda yatsa, mu nan Maradi daga tsakiyar damina har kaka ba a wasa da wannan. A saurari ƙirjinshi saboda ciwon huhu, a auna hitsari, in lokacin sanƙarau ne, wato daga hunturu zuwa bazara, a duba wuyanshi. Sai ruwa, cikin Afrilu da Mayu da zahi ke wuce digiri 40 tsoho na bushewa bai sani ba don tsufa na rage jin ƙishirwa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don kar hitsari ya riƙa tada su da dare.

Sai suga, wanda shi nake so a fara aunawa kafin komi, minti ɗaya ne. Mai ciwon suga in ya daina cin abinci amma ana ci gaba da ba shi ƙwayarshi kamar kullum, musamman irin su Daonil, ko allurar insulin, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas, in awonshi ya sauka ƙasa da giram 0,70 cikin litar jini mutum ya fara zufa da rawar jiki da ruɗewa, in ya ƙara sauka ya suma. Haka in ya hau sosai shi ma yana ruɗarwa. In kuna da na'urar awo a gida ku auna yanzu. In ya yi ƙasa kuma Baba na farke yana iya haɗiya, a dama suga cikin ruwa a ba shi a kama hanya. In ba ya farkawa sosai kar a ɗura mishi komi a baki, ko ruwan rubutu ne, a kwantar da shi ta gefe a tahi da shi haka nan.

Akwai wasu biyu da kunya ke ɓoyewa, kuma na san ke suruka ce ba za ki iya tambayar Baba ba, shi ya sa wannan aikin maigidanki ne. Yaushe rabonshi da hitsari, kuma yana hita sosai ko ɗigo-ɗigo? Maza tsofaffi da yawa ƙabar da ke ƙarƙashin mafitsara na kumbura ta toshe hanya, mara ta cika tam, mutum ya yi ta juye-juye yana fizge-fizge bai iya faɗin abin da ke damunshi ba, wani da an sa mishi robar hitsari an zubar sai ki ga ya lafa. Haka bayan gida, kwana nawa bai zaga ba? Taurin ciki kawai na iya ruɗa tsoho. Ya kuma tambayi yaran gida ko Baba ya faɗi cikin makonnin nan ya bugu a kai, ko da bai ji ciwo a waje ba, don jini na iya taruwa cikin kai a hankali sai daga baya ya nuna.

Yanzu maganar mai tebur. Ba na son in yi faɗa amma sai na ɗan yi. Ƙwayoyin nan da ake ƙullowa cikin leda ja da hwari da rawaya ba suna ba kwali, sun sha rana sun sha ƙura, saurayi ya sha ya tahi aikinshi, tsoho ya sha ƙodarshi ta kasa tace su da wuri su taru a jiki. Tramol na ruɗa tsofaffi. Valium da ƴan uwanshi masu sa barci na ruɗa su. Maganin mura da na ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi irin su Phenergan, da maganin tari mai kodin, su ma haka. Dekisa da ake ba tsofaffi don ciwon gwiwa na hana barci, ya rikita tunani, ga shi yana haura suga. Ki samu leda guda ki tattara duk abin da Baba ke sha, na likita da na tebur da ƙwayar barcin jiya da jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya, har kwalin da ya ƙare, ku tahi da ita. Kar a ɓoye ma lokotoro komi don tsoron faɗa, faɗan minti biyu ne. Kuma kar ku tsaida mishi maganin tansiyo ko wani da ya daɗe yana sha da kanku, a bar likita ya ce wanne za a aje wanne za a ci gaba, don wani maganin in an yanke shi farat ɗaya shi ma ruɗewar yake kawowa.

In ana cikin shiri kunka ga bakinshi ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, ko harshe ya yi nauyi, ko wuya ya sanƙare, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko an girgiza shi bai farka ba, to kar a tsaya ƙaramin likita na unguwa, a wuce babban asibiti kai tsaye wurin gaggawa, ko ƙarfe nawa ne.

In kun isa, yadda za ku yi bayani na da muhimmanci ƙwarai, don ma'aikacin da bai taɓa ganin Baba ba in ya ga tsoho ɗan 80 yana sambatu zai iya ɗauka haka yake dama. Kar ku ce kawai ba shi da lahiya ko ya tsufa. Ku ce satin da ya wuce wanga bawan Allah da ƙafarshi yake zuwa masallaci yana lissahin kuɗi, ranar kaza ya canza, yana yi yana dawowa, ga abin da ya sha. In ma an yi rashin sa'a kun isa lokacin da ya dawo garau yana gaisawa da majo yana raha, ku dage ku faɗi abin da ke faruwa da dare, in akwai wanda ya ɗauki muryarshi ko bidiyo a waya a nuna ma likita shi kaɗai, a goge bayan nan, ba abin turawa gurup na dangi ba ne, mutuncinshi ne.

Maganar yayan maigidanki kuma, ni ba zan ce kar a kira malam ba. A yi addu'a, a yi tofi, a karanta mishi Alƙur'ani a hankali, muryar da ya saba ji na kwantar mishi da hankali ma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai an gama ruƙiyya kwana bakwai sannan a ga ko za a je likita, malam na iya bin ku har gadon asibiti ya yi addu'arshi can. Kuma a bar turara mishi hayaƙi cikin ɗaki a rufe, a bar danne shi ana yi mishi tsawa cikin kunne ana cewa hita, a bar duka. Mutum ne da ke cikin tsoro, duk wanda ya riƙe shi da ƙarhi gani yake kashe shi za a yi, in kuma ciwon a huhu yake hayaƙin ƙara mishi zai yi.

Ita kuma gwaggo, a lallashe ta ta bar wagga magana tun ba ta hita waje ba. Mai ruɗewa sunayen da ke kusa da bakinshi yake kira, na matarshi da ta rasu, na abokan ƙuruciya, na maƙwabta da yake jin muryarsu ta katanga kullum. Ya kira Inna ma ai, ita ma kurwar ta kama? Tsohuwar nan in anka laƙa mata maita, ko Baba ya warke gobe ita ta shiga uku, ba mai sayen ƙosanta ba mai auren jikarta, kuma Allah zai tambaya. Maigidanki da yayanshi su ne za su tsaya kan wannan, ba ke ba.

Na zo kan abin da na san ya fi ci miki rai, maganar hura. Ɗiyata, zargi na cikin alamomin ciwon nan, kuma sau da yawa kan wanda ya fi kusa yake faɗawa, mai kawo abinci mai ba da magani mai wanke kwano, don shi ne kullum gaban idonshi, a asibitoci ma masu jinya na shan wannan, a ce sun sa guba cikin ƙarin ruwa. Bakinshi ya ɗaci saboda masassara, hura ta canza mishi ɗanɗano, ruɗaɗɗen tunani ya nemo dalili ya ga ke. Ba wani abu ne da ya daɗe yana ɓoyewa a zuci ya hito ba, kar ki bari kowa ya hwassara miki shi haka. Hadisi sananne ne cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinshi ya gushe har ya dawo, to in mala'iku ba su rubuta ba ke ma kar ki rubuta. Kar ki yi ta rantse-rantse gabanshi kina kare kanki, ba zai shiga ba. Ƴan kwanakin nan ki ci gaba da damawa, amma maigidanki ko jikan da ya fi so ya miƙa mishi, ya fara kurɓa gabanshi in ya so. Kuma ki gaya ma maigidanki a ɗaki, ba cikin hushi ba, cewa kina buƙatar shi da bakinshi ya faɗa ma ƴan uwanshi cewa ciwo ne ya yi magana, ko ma a sa likitan ya faɗa gaban yaya da gwaggo, daga bakin mai hwarar riga sun fi ji. A kan haka kuma duk abin da Baba zai faɗa cikin wanga hali game da gado, ko kyautar gona, ko sayar da hili, ko ya ce wane ya saki wance, a jingine shi har ya dawo hayyacinshi, kar a sa shi dangwala hannu a kowace takarda.

Maganin ruɗewar shi ne maganin abin da ya kawo ta, ba wata ƙwaya guda da ke wanke kai. Amma jinya na da rabo babba, kuma wannan ba zancen baki ba ne. Ita likitar da na ambata ta yi bincike a asibitin jami'ar Yale anka buga shi a 1999, kan tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da anka kwantar tun ba su ruɗe ba, rabi anka yi musu jinya ta yau da kullum, rabi kuma anka kula da ƴan abubuwa, a riƙa tuna musu rana da wuri, a tada su su taka, a ba su ruwa, a sa musu tabarau da abin ƙara ji, a bar su su yi barcin dare ba da ƙwaya ba. Cikin na farko 15 cikin 100 sunka ruɗe, cikin na biyu wajen 10 cikin 100. Ba inji ba ne ba allura ba, abin da mai jinya ke iya yi ne.

Mu kuma muna da abin da su ba su da shi, kiran salla sau biyar. Duk kiran da anka yi a ce mishi Baba azahar ce, yau Talata, kana asibiti ko kana gidan ɗanka a Bagalam, masassara ce ta kama ka ana ba ka magani. A taimaka mishi ya yi alwala ko taimama ya yi sallarshi ko a zaune ko a kwance. Za ku maimaita sau goma a wuni, ku maimaita. Da rana a buɗe taga haske ya shiga, in da hali a hito da shi inuwa ya ga tsakar gida, a rage mishi dogon barcin rana. Da dare a bar ƴar hitila mara ƙarhi, don cikin duhu riga da ke rataye a ƙusa mutum take zama mishi, a kwashe irin waɗannan ma daga bango. In yana da tabarau a sa mishi, in kunne ɗaya ya fi ji a zauna ta wannan gefen, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, gajeren zance, a fara da faɗin suna, Baba ni ne wane.

Ƴan dubiya kuwa, Allah ya saka musu da alheri amma a tare su a zaure. Mutum goma sha cikin ɗaki kowa na cewa Baba ka gane ni, wa ye ni, wannan jarrabawa ce ake mishi yana faɗuwa gaban jama'a, kuma ranar da anka cika ɗakin ki lura daren ya fi muni. Fuska biyu ko uku da ya sani su yi ta karɓa-karɓa, shi ke nan.

In ya ce ga mutane bisa katanga kar a ce ƙarya ne kar kuma a ce e ga su nan. A ce Baba ni ban gan su ba amma na ga sun tsorata ka, ina nan tare da kai ba abin da zai same ka. In ya ce gona zai tahi, a ce to bari gari ya waye mu sha kunu tukuna, a riƙe hannunshi a zaga tsakar gida da shi, sau da yawa takawar ma kaɗai ke sauke shi, kuma a duba ko hitsari ne ya matse shi ko wani wuri ke mishi ciwo. In ya kira Inna ba sai an ce ta rasu ba kowane dare ya sake sabon kuka, a ce ka tuna Inna ko, a bar shi ya yi zancenta. Kar a ɗaure shi da gado ko da rawani ne, ɗauri na ƙara haukata abin kuma yana jawo rauni. A rufe ƙofar gida da dare, a rufe rijiya, a kawar da wuƙa da icen wuta da kwalaben magani, in gadon na da tsawo a sauko da katifa ƙasa. In ya kai yana neman ji ma kanshi ko wani ciwo, akwai maganin da likita ke iya ba da ɗan kaɗan na ƴan kwanaki yana lura da shi, wannan hukuncin likita ne, ba na mai tebur ba ba na maƙwabci da ya taɓa aikin farmasi ba.

Ci da sha kaɗan-kaɗan akai-akai, kurɓi biyu uku duk bayan ɗan lokaci ya fi kofi cike sau ɗaya, kuma sai yana zaune a miƙe idonshi biyu, in yana tari duk lokacin da ya haɗiya a tsaya a gaya ma likita. Tun da yana da suga da tansiyo ku tambaya nawa zai sha da me zai ci. In azumi ya riske shi cikin wanga hali ba azumi a kanshi, Alƙur'ani ya yi ma mara lahiya rangwame cikin Suratul Baƙara, ko ya dage a lallashe shi.

Ke ma ki yi barci. Su ƴaƴanshi maza uku ne ko fiye, a raba dare, wanda ya ce aljanu ya ɗauki daren Litinin, wanda ya ce tsufa ya ɗauki na Talata, kwana ɗaya a gefenshi zai koya musu abin da bakinki ba zai iya ba.

Kar ki sa ran ranar da masassara ta sauka ranar kai zai dawo. Wasu cikin kwana kaɗan suke washewa, wasu sai makonni, wasu har watanni suna ɗan rikicewa da yamma, kuma akwai wanda ba ya komawa daidai yadda yake da, musamman in dama mantuwa ta fara mishi a ɓoye ko an daɗe ba a kai shi likita ba, shi ya sa nake ta cewa yau. In ya dawo hayyacinshi wataƙila ba zai tuna komi ba, wataƙila kuma ya tuna guntu-guntu kamar mugun mafarki ya ji kunya, kar yara su riƙa kwaikwayonshi, kar a ce Baba ka san abin da ka ce ma wance, a ce mishi ciwo ne ya ruɗa ka kuma ya wuce. Wanda ya taɓa yi yana da sauƙin sake yi, to duk ranar da za a kwantar da shi asibiti ko za a yi mishi aiki a gaya musu tun farko ya taɓa ruɗewa, kuma daga yanzu ko maganin mura ne a tambayi likita kafin a ba shi. In an yi wata biyu uku da sallama har yanzu lissahi na ɓace mishi ko yana ɓata hanyar masallaci, a maida shi a duba ƙwaƙwalwar a natse.

Ki rubuto min abin da awon suga da na palu da na hitsari sunka nuna, da sunayen magungunan da ke cikin ledar.